Ta ina ake shiga bakin teku da asuba don jefa fatsa lokacin hutu?

Mai tambaya zai tafi hutu wani gari na bakin teku da bai saba da shi ba. Yana son ya yi sammako ya jefa fatsa daga kan yashi kafin rana ta fito, amma yana gudun ya tarar da ƙofa a kulle, ko a ci shi tara, ko ya taka filin wani. Ta ina zai shiga, kuma yaya zai tabbatar tun kafin ranar?

Abin da ke hana yawancin baƙi kamun asuba ba dokar yashin ba ce, wurin ajiye mota ne. A ƙasashe da yawa kana da damar tsayawa a bakin ruwa da ƙarfe 4 na asuba, amma filin ajiye motocin da ke kusa ba ya buɗewa sai rana ta ɗaga, titin unguwar kuma an hana baƙo kwana da mota a kansa. Saboda haka ka raba tambayarka: shin an yarda ka tsaya a wurin, shin akwai hanyar da za ka bi ka isa ba tare da ka ratsa gidan wani ba, sannan ina za ka bar motarka a wannan lokacin. Ta ukun ce za ta fi cin lokacinka, kuma ba a warware ta da asuba cikin duhu. Ana warware ta ne da rana, kwana ɗaya kafin.

Mu fara da yashin, tunda a nan ne mutane suka fi ruɗewa. A yawancin jihohin Amurka, abin da ke ƙasa da layin da teku ke kaiwa idan ya cika na jama'a ne, wato jiƙaƙƙen yashi. Busasshen yashin da ke sama da shi yana iya zama na mai gida ko na otal. Oregon ta yi doka a 1967 da ta buɗe wa jama'a busasshen yashin ma, Texas kuma tana da tata dokar ta buɗe gaɓar teku tun 1959. Massachusetts da Maine sun sha bamban: a can mallakar mai gida tana iya kaiwa har inda ruwa ke tsayawa idan ya janye, bisa wata tsohuwar doka ta shekarun 1640, sai dai dokar ta bar wa jama'a damar kamun kifi da farautar tsuntsaye da tafiyar jirgi a tsakanin layukan biyu. Ma'ana mai sandar fatsa yana da haƙƙin da mai shan iska ba shi da shi. A Sifaniya dokar gaɓar teku ta 1988 ta mayar da bakin teku mallakar ƙasa, ta kuma tanadi cewa a cikin gari kada tazarar da ke tsakanin hanyoyin shiga na masu ƙafa ta wuce mita 200. Faransa tana da 'yar siririyar hanya mai faɗin mita 3 da dokar 1976 ta keɓe wa masu ƙafa a gefen teku, ko da ta bi ta bakin filin wani. A Meziko mita 20 na farko daga layin cikar teku na gwamnatin tarayya ne.

Duk da wannan, kada ka ɗauka damar tsayawa a yashi ta ba ka damar ratsa farfajiyar otal ko gefen gidan mutum. Kusan ko'ina, sai ka shiga ta hanyar jama'a, sannan ka bi jiƙaƙƙen yashi zuwa inda kake so. Wannan yana da illa guda da ba a cika lura da ita ba. Idan ka shiga lokacin da ruwa ya janye, ka yi tafiyar kilomita ɗaya ta gaban gidaje masu katanga ko tarin duwatsu, teku yana iya cika ya rufe hanyar dawowarka, ya bar ka tsakanin ruwa da katangar wani.

Yanzu batun neman ƙofar shiga. Tun kana gida ka buɗe Google Maps a hoton tauraron ɗan'adam, ka bi gaɓar daga masaukinka zuwa kamar tafiyar minti 20 a mota ta kowane ɓangare. Abin da kake nema shi ne titunan da suka miƙe suka ƙare a yashi, da 'yan siraran hanyoyin katako da suka haye tudun yashi tsakanin gidaje, da filayen da ke gefen gada ko bakin kogi. Titin da ya ƙare a teku sau da yawa hanyar jama'a ce, ko da maƙwabta sun shuka furanni sun ɓatar da kamanninta. Daga nan ka sauka zuwa Street View, wato hotunan titi na cikin taswirar, ka karanta allunan da ke bakin titin. Ka duba shekarar da aka ɗauki hoton, domin allon shekara biyar da suka wuce ba hujja ba ne gaban mai rubuta tara. Ka fitar da wurare uku ko huɗu, kada ka tsaya kan ɗaya.

Waɗannan wurare ba ɗaya suke ba wajen lokaci. Wuraren shaƙatawa na gwamnati su ne suka fi kyau a ido, su ne kuma suka fi yaudarar mai sammako. Na jihar Florida ta Amurka, misali, bisa al'ada suna buɗewa ne ƙarfe 8 na safe su rufe da faɗuwar rana; kafin a ɗaga maka sanda a ƙofa, kifin asuba ya daɗe da komawa zurfi. Wasu daga cikinsu suna ba masu katin shekara izinin shiga bayan lokaci tare da lambar buɗe ƙofa, amma sai ka je ofis da rana ka nema. Filayen ƙaramar hukuma wasu suna buɗe dare da rana, wasu ana kulle su daga tsakar dare zuwa 5 ko 6. Wuraren da ake sauke ƙananan jirage cikin ruwa kusan kullum suna buɗe da asuba saboda masunta, sai dai akwai layukan da aka keɓe wa motoci masu jan tirela, kuma ajiye ƙaramar mota a can yana jawo tara. Ƙarshen titin unguwa kuwa, ka karanta allonsa sau biyu. "An hana ajiye mota daga 2 zuwa 6 na safe" an rubuta shi ne don masu kwana a mota, amma janwe ba ya tambayar ko kifi ka zo kamawa.

Mafi sauƙin maganin duk wannan, idan ba ka riga ka biya masauki ba, shi ne ka kama wanda za ka taka da ƙafa zuwa yashi. Tafiyar minti 10 da sanda a kafaɗa ta fi zagaye na rabin awa ana neman inda za a tsaya. Amma ka tambayi masu masaukin takamaimai ko ƙofar da ke fita bakin teku tana buɗuwa da daddare, kuma da wane makulli. Otal da yawa suna kulle ta har sai ma'aikatan safe sun zo, wata kuma tana buɗuwa ta ciki kawai, ka fita ka kasa komowa.

Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda za a tambaya. Ma'aikacin teburin otal zai nuna maka inda ake wanka, ba inda ake kamu ba. Shagon da ke sayar da kayan fatsa shi ne ofishin labarai na gaskiya. Ka shiga ka sayi koto da 'yan dalma masu nutsar da ƙugiya, sannan ka yi tambaya mai kan gado. Kada ka ce ina kifi yake, ba wanda zai ba baƙo raminsa. Ka ce: wace ƙofa ce ke buɗe kafin 5, a ina masu gari ke barin mota ba a taɓa ta, wane yanki aka rufe a wannan watan. Irin wannan tambayar ba ta taɓa sirrin kowa, shi ya sa ake amsa ta. Ka tambayi lokacin buɗe shagon ma. Idan sai 6 yake buɗewa, to kotonka na gobe yau za ka saye shi ka sa a ƙanƙara. Game da doka kuwa, ka kira ofishin da ke kula da gaɓar ko ka duba shafinsu, ka ɗauki hoton amsar a wayarka.

Lasisi ma a yi shi da rana. A Ingila ba a bukatar lasisi don kamun kifin teku da sanda daga gaɓa, in ban da wasu kifaye kamar salmon da ɗan'uwansa mai hawa koguna. A California duk wanda ya kai shekara 16 sai da lasisi idan daga yashi zai jefa, amma ba a nema a kan gadar kamun kifi ta jama'a. A Florida baƙon da ba mazaunin jihar ba sai ya saya ko daga gaɓa zai yi. Sifaniya da Portugal da Afirka ta Kudu duk suna neman izini. Tare da lasisin ka sauke jadawalin tsawon kifin da aka yarda a riƙe da adadinsa, ka kuma duba ko gaɓar tana cikin yankin da aka haramta kamu gaba ɗaya, domin waɗannan yankuna ba kullum ake kafa musu allo a kowace mashiga ba.

Sai zuwa leƙen wuri, wanda shi ne ginshiƙin al'amarin. Ka duba jadawalin cika da janyewar teku, ka je wuraren nan naka da rana daidai lokacin da ruwa ya janye ƙarshe. Kana zuwa ne da aiki biyu. Na farko ka bi hanyar da za ka bi gobe tun daga mota har bakin ruwa: ka ƙirga mintuna, ka lura da matakalar da ta karye, da igiyar da aka kewaye wani yanki da ita, da alamar da za ka gane mashigar da ita idan kana dawowa. Daga bakin ruwa duk gidaje kama ɗaya suke, don haka ka sa alama a taswirar wayarka a daidai bakin hanyar. Na biyu ka karanta ƙasan tekun, wanda ruwa zai rufe gobe.

Ga yadda ake karanta shi. Inda igiyar ruwa ta tashi ta fashe ta yi farin kumfa can nesa, tudun yashi ne a ƙasa. Inda ta lafa bayan nan, ruwan ya yi duhu ya kwanta kafin ta sake fashewa a gabanka, kwari ne tsakanin tudun da gaɓa, kuma nan ne titin da kifi ke bi yana kiwo. Inda farin layin kumfar ya yanke, ruwa mai duhu yana fita waje ɗauke da yashi da ciyawa, wata kafa ce a jikin tudun. Ta nan manyan kifi ke shigowa, a gefenta kuma suke laɓewa suna jiran abin da ruwa zai kwaso. Idan ka sami inda kwari ya haɗu da kafa a cikin tafiyar minti 10 daga mashigarka, ka gama zaɓe. Ka jera wurin da wani abu da ba ya motsi, kamar sandar wuta ko kusurwar gini. Wurin da yashi ya kwanta shimfiɗe babu kwari babu tudu, ko filin motarsa ya fi kowane kyau, ka bar shi. Kuma hoton tauraron ɗan'adam ba zai yi maka wannan aikin ba, guguwa ɗaya tana sauya fasalin tuddan nan cikin dare.

Lokacin tashi ana lissafa shi ne daga baya. Haske mai amfani yana farawa idan rana tana digiri 6 ƙarƙashin sararin ƙasa, kimanin minti 20 zuwa 25 kafin fitowarta a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, ya fi haka tsawo can arewa ko kudu da bazara. Kana son ƙugiyarka ta kasance cikin ruwa kusan awa ɗaya kafin rana ta fito. Idan za ta fito 6:15, jifa na farko 5:15, ka ware minti 15 na haɗa kaya, da mintunan tafiyar da ka ƙirga jiya, da na tuƙi. Nan za ka ga cewa ƙofar da ke buɗewa ƙarfe 6 ma ta makara.

Sannan ka haɗa wannan da motsin teku. A yawancin gaɓoɓi teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, don haka kowace rana lokacin cikar yana jinkirta da kusan minti 50. Idan ranar Litinin ya cika 5:00 na asuba, Talata kusan 5:50 ne, Laraba 6:40, zuwa Litinin mai zuwa kuma da asubar za ka tarar ya janye ƙarshe. Wato cikin hutun mako guda, safiya biyu ko uku ne kawai cikar za ta dace da fitowar rana, su ne kuma za ka fi ƙwallafa rai a kansu: awa biyu kafin cika zuwa awa ɗaya bayanta, lokacin da kwarin nan ya cika kifi ya matso har kusa da ƙafarka. Sauran ranakun ka yi barcinka, ko ka nemi gaɓa mai gangara sosai inda zurfi yake kusa ko da ruwa ya janye. Wasu wurare a Tekun Meziko sau ɗaya ake cika a rana, a Bahar Rum kuma bambancin kaɗan ne, iska ce ta fi tasiri. Ka tabbata jadawalin na tashar da ta fi kusa da kai ne, kuma ka duba agogon da aka rubuta shi da shi. Wasu jadawalai na Birtaniya ba sa ƙara awa ɗayan da ake tura agogo gaba da ita a bazara, kuskuren awa ɗaya kuwa ya isa ya jiƙa maka jaka.

Ruwa ba ya hawa da gudu ɗaya. Cikin awa shida na cika, awar farko yana ƙara kashi ɗaya cikin goma sha biyu na tsayinsa, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, sannan ya sassauta. Idan bambancin cika da janyewa mita 3 ne, a awa ta uku kaɗai zai hau santimita 75. A shimfiɗaɗɗen yashin da ke gangara mita 1 cikin mita 50, wannan ya kai ruwa ya ci ƙasa kusan mita 37 cikin awa ɗaya. Lokacin sabon wata da cikar wata abin ya fi tsanani. Ka ajiye kayanka sama da layin ciyawa da tarkacen da cikar jiya ta bari, kuma kada ka tsaya a kan tudun da kwari ke bayansa, domin kwarin ne zai fara cika.

Akwai rufewa ta yanayi da ba ta bayyana a taswira. A gaɓoɓin da kunkurun teku ke ƙwai, kamar gabashin Florida daga Maris zuwa Oktoba, ana taƙaita haske da daddare, saboda farin haske yana korar uwar kuma yana karkatar da 'ya'yan daga teku. Tocilan goshi mai jan haske ita ce mafita, tana kuma barin idonka ya saba da duhu. Ko babu kunkuru, kada ka haska ruwa. Kifin da ke kwarin gabanka zai watse, masuntan da ke gefe kuma ba za su gode maka ba. Tsuntsayen da ke ƙwai a kan yashi su ma suna sa a kewaye yanki da igiya tsawon makonni. Idan mashigar da ka zaɓa ta faɗa cikin irin wannan, shi ne amfanin ta biyu da ta uku.

Shiga da mota kan yashi wani babi ne daban. Afirka ta Kudu ta hana shi ga jama'a tun farkon shekarun 2000. A Cape Hatteras ta Amurka sai da izini na musamman, kuma daga watan Mayu ana hana tuƙin dare saboda kunkuru, wato mai son asuba da ƙafa zai shiga. Inda aka yarda, sai mota mai jan ƙafa huɗu, a rage iskar taya zuwa tsakanin 15 da 20 a ma'aunin PSI tun kafin a taka yashi, a riƙe shebur da igiyar ja da katakon da za a ɗora jak a kai da famfon mayar da iska. Abin da ke kafe mota shi ne taya mai tauri da danna totur idan ta fara tonawa. Motar haya kuwa, yawancin takardun haya sun haramta sauka daga titi, kuma inshora ba ya biyan motar da teku ya cinye. Ga baƙon kwana biyar, bai cancanci wahalar ba.

Tunda da ƙafa za ka shiga, kayanka su zama na ɗauka ɗaya. Sanda mai tsawon mita 3 zuwa 4, irin mai gaɓa uku ko huɗu da ke shiga akwati, da manaɗin zare mai lamba 5000 zuwa 6000, da zare mai kaurin milimita 0.35 zuwa 0.40. Dalma mai siffar dala, giram 85 da 115 da 140, da guda biyu masu ƙafafun waya don ranar da ruwa ke ja gefe. Idan dalmarka tana gangarowa gaɓa cikin minti biyu, ka ƙara nauyi ko ka koma mai waya, ka kuma jefa ta ɓangaren da ruwan ke fitowa. A gaban zaren ka ɗaura wani mai kauri wanda zai ɗauki ƙarfin jifa: ƙa'idar masu yi ita ce kilo 4.5 na ƙarfi ga kowane giram 28 na dalma, don haka dalmar giram 115 tana son zaren kilo 18 ko sama, tsawonsa ya bi sandar ya naɗe manaɗi sau biyar. Rashin wannan ne ke sa dalma ta tsinke ta tashi kamar harsashi. Ƙugiya mai lanƙwasa ciki, lamba 1/0 zuwa 3/0, ba a fizge ta, naɗewa kawai ake yi har zare ya yi tauri. Ka ɗaura su duka a ɗaki da daddare, ƙulli cikin duhu da yatsu masu sanyi shi ne ke kwancewa. Sai bututun roba mai tsawon mita ɗaya da aka fere bakinsa don kafa sanda, a kafa shi da zurfi, a sassauta birkin manaɗi, in ba haka ba kifi ɗaya zai ja sandar duka cikin teku. Filaya, wuƙa, abin awon tsawo, ƙaramar kula.

Baƙo a gaɓar da bai sani ba, cikin duhu, kada ya shiga ruwa ya wuce gwiwa. Kafar nan da ke tara kifi ita ce ke jan mutum waje. Wanda ta ɗauka ya yi iyo gefe, a layi ɗaya da gaɓa, kada ya yi kokawa da ita. Duwatsun da aka jera cikin teku a bar su sai gari ya waye, musamman masu kore ko baƙi a jiki. Idan ka ji tsawa ka kwantar da sanda ka fita, domin sandunan zamani na kabon ne, suna ɗaukar lantarki. Ka faɗa wa wani a masauki mashigar da ka bi da lokacin dawowarka, kada kuma ka bar komai a fili cikin motar da za ta yi awa uku ita kaɗai a ƙarshen titi.

Ka san lokacin fita kamar yadda ka san na shiga. Gaɓoɓi da yawa da ake wanka suna barin kamu ne kawai kafin masu ceton ninƙaya su hau aiki, galibi 9 ko 10 na safe a lokacin zafi, wasu kuma sun gindaya tazarar da za ka bari tsakaninka da masu wanka. Filin da ka shiga kyauta da asuba yana iya fara karɓar kuɗi ƙarfe 8, kuma sau da yawa ta manhajar waya ake biya, don haka ka sauke ta ka sa lambar motarka tun daren jiya, ka saita ƙararrawa minti 20 kafin lokacin.